Ina Aka Tsayar da Yaro? Sharhi bisa Koyar da Tarihin Lamba ga Ƴan Lakwal a Gidajen Tarihi

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana nazarin ayyukan da gidajen tarihi (musées) ke shirya wa ƴan lakwal domin koya musu tarihin lamba, wato allurar rigakafi. Mun ɗauki gidan likita Edward Jenner da ke Berkeley, a ƙasar Ingila, a matsayin misali. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan ayyuka suna tsayar da yaro a gurbin likita, alhali kuwa tarihin da ake koya masa a jikin yara irinsa aka yi shi. Kuma daga wannan kuskure ne sauran suka samo asali.

0. Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana aikin gidan tarihi ya ginu. Malami yana iya share mako guda yana bayanin yadda ake yin lamba a ƙarni na 18, yara ba su kama ba. Ranar da suka ga ƴar askar da aka yi aikin da ita, sai maganar ta zauna. Sai dai kayan tarihi ba su magana da bakinsu. Akwai wanda ya zaɓo su, ya jera su, ya rubuta abin da ke ƙarƙashinsu, ya kuma tsara abin da yara za su yi a gabansu cikin awa biyu ko uku. Ke nan a gidan tarihi gani da ji tare suke tafe, kuma sau da yawa abin da kunne ya ji shi ke gaya wa ido abin da zai gani.

Wannan ya shafi kowane darasi, amma ya fi nauyi a tarihin lamba. Yaron da aka koya wa tarihin tukwane a karkace bai yi babbar asara ba. Wanda aka koya wa tarihin lamba kuwa, bayan shekara 15 ko 20 shi ne uban da zai ce a kai jariri asibiti ko kada a kai shi. Ita ce uwar da za ta buɗe wa masu ɗigon shan inna ƙofa ko ta rufe. Saboda haka ne muka ga ya dace a yi wa waɗannan ayyuka irin sharhin da ake yi wa littafi ko wasan kwaikwayo.

1. Wurin, da masu zuwa, da abin da suke yi

1.1. Berkeley ƙaramin gari ne a yankin Gloucestershire, tsakanin biranen Bristol da Gloucester. A nan aka haifi Jenner a shekara ta 1749, a nan ya sayi gidan da ake kira The Chantry a 1785, kuma a cikinsa ya rasu a 1823. Tun 1985 gidan ya zama gidan tarihi. Mai ziyara zai ga ɗakin karatun likitan, da kayan aikinsa, da lambunsa, da wata ƴar bukka mai jinkar ciyawa a ƙarshen lambun, inda yake yi wa talakawan yankin lamba kyauta. Fatar saniyar da aka ce daga jikinta cutar ta fito, mai suna Blossom, tana makarantar likitoci ta St George a birnin Landan, inda Jenner ya yi karatu a hannun John Hunter.

1.2. Ƴan lakwal ba su zuwa irin wannan wuri don yawon buɗe ido kawai. Tsarin karatu ne ke kawo su. A Ingila ƙananan yara masu shekara 5 zuwa 7 suna koyon tarihi ta hanyar rayuwar fitattun mutane. Manya kuma, masu shirin jarrabawar GCSE da ake yi a shekara 16, da yawansu suna ɗaukar darasin tarihin likitanci, darasin da ya samo asali daga wani shirin gyaran koyar da tarihi da aka kafa a 1972. Kuma Jenner yana cikin abubuwan da ake tambaya. Mai karatu zai lura cewa ƙofofin nan biyu ɗaki guda suke kaiwa: mutum ɗaya, gidansa, da ranar da ya yi nasara.

1.3. Ayyukan da aka saba shirya wa yara a kan wannan darasi iri huɗu ne: (a) wasan kwaikwayo na ranar lamba ta farko, da muhawara a kan ko Jenner ya yi daidai, (b) taɓa kaya da sauraren labarin saniya da mai tatsa, (c) jera shekaru da hotuna a kan igiya ko allo, (d) nazarin zanen ba'a na masu ƙin lamba, da wasan yaɗuwar cuta. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sharhinmu a kan siffar ayyukan yake, domin ita ce ake kwafa daga ƙasa zuwa ƙasa.

2. Gurbin yaro

2.1. Ranar 14 ga watan Mayu na 1796 Jenner ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun Sarah Nelmes, wata mai tatsar shanu da ta kamu da aganar shanu, ya yi wa James Phipps ƴan tsage a hannu, ya shafa. Phipps ɗan shekara 8 ne, ubansa kuma lebura ne mai yi wa Jenner aikin lambu. Ranar 1 ga watan Yuli ya sake tsaga shi, wannan karo da mugunyar agana ta gaske, cutar ba ta kama ba. A littafin da Jenner ya buga a 1798, mai ɗauke da bayanin mutum-mutum har kashi 23, an ambaci sunan Sarah, an ma zana hannunta. Yaron kuwa ba a faɗi sunansa ba, shekarunsa da ƙoshin lafiyarsa kawai aka rubuta.

Wasan kwaikwayon da ake sa yara yana maimaita wannan shiru. Lalle akwai mai fitowa a matsayin Phipps, amma aikinsa miƙa hannu ne. Magana ta likita ce, tunani nasa ne, kuma irin tambayar da ake yi wa ajin ita ce: da kai ne Jenner, me za ka yi? Ga aji cike da sa'o'in Phipps, an ce musu su shiga rigar dattijo ɗan shekara 47, su dubi ɗan'uwansu daga sama.

2.2. Da a ce Phipps shi kaɗai ne, da sai a ce ƙaramin abu ne. Amma idan muka bi tarihin, yara ne a kowace gaɓa. A Boston, a 1721, likita Zabdiel Boylston ya fara gwajin dashen agana a kan ɗansa mai shekara 6 da bayinsa biyu. A Landan, a shekarar nan, an gwada a kan fursunoni 6 na kurkukun Newgate, sannan a kan marayu, kafin a yi wa ƴaƴan gidan sarauta a 1722. A 1798 Jenner ya ɗauki ruwan daga hannun yaro zuwa hannun yaro, har da ɗansa Robert mai wata 11 a cikin waɗanda ya tsaga. A watan Nuwamba na 1803 jirgin ruwan likita Balmis ya tashi daga A Coruña, a Ispaniya, da yara 22 na gidan marayu, masu shekara 3 zuwa 9, tare da Isabel Zendal mai kula da su; ana yi musu lamba biyu-biyu, duk lokacin da ƙurjin waɗansu ya nuna a ɗiba a sa wa na gaba, har jirgin ya ƙetare teku zuwa Amurka. An gwada busar da ruwan a jikin zare ko tsakanin gilasai, amma zafi da nisan tafiya suna kashe shi. Kafin zuwan firigo, hannun yaro shi ne kwalbar.

Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da namu hoton: Pasteur da Joseph Meister, yaron Alsace ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza a watan Yuli na 1885. An yi masa allura 13 cikin kwana 11, kuma likita Grancher ne ya riƙe allurar, domin Pasteur ba likita ba ne. Binciken da Gerald Geison ya buga a 1995, bayan ya karanta kundayen ɗakin gwajin Pasteur, ya nuna cewa gwajin da aka yi a kan karnuka kafin a taɓa yaron bai kai yadda aka ba jama'a su fahimta ba. Wannan bai rage amfanin maganin ba. Ya dai nuna cewa kasadar da aka yi a jikin Meister ta fi wadda littattafan lakwal suke faɗi.

2.3. Muhawarar da ake shiryawa a kan ko Jenner ya yi daidai tana da nata aibi. Idan aka ce wa yaro na yau likita ya sa wa ɗan shekara 8 agana da gangan, amsa ɗaya ce zai bayar: mugu ne. Idan aka ƙara masa da cewa aikin ya ceci miliyoyin rayuka, sai ya juya ya ce a yafe masa. Duka amsoshin biyu a cikin duhu aka ba da su, domin ba a bayyana wa yaron dashen agana (variolisation) ba. A Ingila ta wancan zamani, tsaga mutum da mugunyar agana domin ya yi ƴar cuta mai sauƙi ya tsira daga babba aiki ne da iyaye ke biyan kuɗi a yi wa ƴaƴansu. Cikin mutum 100 da aka dasa wa, 1 ko 2 ke mutuwa. Cikin 100 da agana ta kama da kanta, 20 zuwa 30. Jenner kansa an yi masa a 1757, yana ɗan shekara 8, bayan an share makonni ana rage masa abinci ana zubar masa da jini. Abin da ya yi ranar 1 ga Yuli ke nan.

Tambayar da ta dace ta fi waccan wuya, kuma yaro yana iya fahimtar ta sarai: mai aikin lambu yana iya ce wa maigidansa a'a? Kuma ya kamata a ba yaron ɗaya gefen: daga baya Jenner ya ba Phipps gida a Berkeley ya zauna ba haya, gidan da ya zama gidan tarihin Jenner na farko daga 1968 zuwa 1982. Alheri ne, ko biyan bashi? Aji mai yara 30 zai rabu a kan wannan, kuma rabuwar ita ce darasin tarihi.

3. Saniya da mai tatsa

Yara suna son saniya, kuma babu laifi ɗan shekara 6 ya koma gida da hoton Blossom. Taɓa kaya ma abu ne mai kyau: yaron da ya tsaya cikin ƴar bukkar nan, ya ga ƙanƙantarta, ya kwatanta layin talakawa a ƙofarta, ya koyi abin da littafi ba ya bayarwa. Matsalar tana cikin labarin da ke rakiyar kayan.

An saba cewa Jenner yana saurayi ya ji wata mai tatsa tana alfahari cewa agana ba za ta ɓata mata fuska ba tunda ta yi ta shanu. Arthur Boylston ya nuna, a wata maƙala ta 2018, cewa wannan labari daga littafin tarihin rayuwar Jenner da abokinsa John Baron ya rubuta bayan rasuwarsa ya fito, kuma cewa wani likitan ƙauye na yankin, John Fewster, ya lura tun 1768 cewa dashen agana ba ya kama waɗanda suka taɓa yin aganar shanu. A 1774 kuma wani manomi na Dorset, Benjamin Jesty, ya riga ya tsaga matarsa da ƴaƴansa biyu da ruwan ƙurjin saniya.

Ita ma saniyar ba ta tsira ba. A 1939 Allan Downie ya nuna cewa ƙwayar da ake lamba da ita a lokacinsa ta bambanta da ta aganar shanu. A 2017 aka binciki wani tsohon ruwan lamba na Amurka na shekara ta 1902, aka tarar ya fi kusa da aganar dawaki. Abin mamaki shi ne, Jenner da kansa ya yi zaton cutar daga ƙafar doki take zuwa ga hantsar saniya ta hannun masu aiki.

To, idan aka cire mai tatsa aka rage wa saniya matsayi, me ya rage wa Jenner? A ganinmu abin da ya rage ya fi abin da aka cire. Shi ne ya gwada, ya rubuta mutum-mutum, ya buga da kuɗinsa bayan ƙungiyar masana ta Royal Society ta ƙi karɓar rubutunsa na farko. Shi ne ya nuna ana iya ɗaukar ruwan daga hannu zuwa hannu ba tare da komawa ga saniya ba. Sannan ya ƙare sauran rayuwarsa yana aika ruwan da wasiƙu ko'ina cikin duniya. Bambanci tsakanin sanin abu a ƙauye da mayar da shi ilimin da wani zai iya gwadawa ya tabbatar, shi ne darasin kimiya da ɗan shekara 15 yake bukata, kuma labarin mai tatsa yana rufe shi.

4. Igiyar shekaru: inda ta fara da inda ta ƙare

Igiyar da ake sa yara su jera takan fara a 1796 ta ƙare a 1980, shekarar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya (OMS) ta bayyana, ranar 8 ga watan Mayu, cewa agana ta ƙare a duniya. Yaro yana ganin kati biyu a bakin igiya guda, sai ya ɗauka na farkon ne ya haifi na ƙarshen. Tsakaninsu akwai shekara 184.

4.1. A farkon igiyar an yanke abin da ya gabata. Lady Mary Montagu a Istambul ta ga tsofaffin mata suna dashen agana, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718. A Boston, wani bawa ɗan Afirka da aka raɗa wa suna Onesimus shi ya nuna wa limamin kirista Cotton Mather tabon hannunsa, ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu. A annobar 1721 mutum 844 suka mutu a garin cikin kusan 5900 da suka kamu, alhali cikin mutum 240 da ƴan kai da Boylston ya dasa wa, 6 ne suka mutu. Eugenia Herbert ta nuna a 1975 cewa wannan aiki ya yaɗu a sassa da dama na Afirka, kuma Pascal Imperato ya bayyana shi a tsakanin Songhai na Mali a 1968. Ba muna cewa a mayar da shi abin kirari ba: wanda aka dasa wa yana iya harbin wasu da agana ta gaske, shi ya sa Ingila ta hana shi a 1840, kuma masu yaƙi da cutar suka sha fama da masu dashe a Habasha da Afganistan. Amma igiyar da ta fara a 1796 tana koya wa yaro cewa kafin likitan Ingila duniya zaune take tana jiran mutuwa.

4.2. A ƙarshen igiyar kuma an dunƙule aikin dubban mutane cikin kati guda. A 1967, shekarar da OMS ta ƙarfafa yaƙin, ana ƙiyasta mutum miliyan 10 zuwa 15 ke kamuwa da agana a shekara. Abin da ya kawo ƙarshenta shi ne busasshen ruwan lamba mai jure zafi, da allura mai baki biyu wadda ake koya wa mutum aiki da ita cikin ɗan lokaci, da dabarar neman mai ciwo a killace shi a yi wa duk na kewaye da shi lamba, wadda William Foege da abokan aikinsa suka gwada a gabashin Nijeriya tun ƙarshen 1966. Mutum na ƙarshe da agana ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Marka ta Somaliya, a watan Oktoba na 1977. Ya faɗa daga baya cewa tsoron allura ne ya sa ya zille wa lamba. Ya warke, ya shiga yaƙi da shan inna, kuma yana cikin wannan aiki ya rasu a 2013. Ba mu ga labarin da ya fi wannan dacewa da yara ba.

5. Masu ƙi

5.1. Zanen ba'a na James Gillray na 1802, inda ƴan shanu ke tsirowa daga hanci da kunne da damtsen waɗanda aka yi wa lamba, yana cikin kusan kowane littafin wannan darasi. Yara suna dariya, malami ya tambaya me mutane ke tsoro, a amsa: suna tsoron zama shanu. An wuce wurin. Darasin da ya zauna shi ne mai ƙin lamba wawa ne.

Tarihin Ingila bai ce haka ba. Dokar 1853 ta tilasta yi wa jarirai lamba cikin wata 3. Dokokin 1867 da 1871 suka tsananta tara, har ana ɗaure iyayen da suka kasa biya. An danƙa aikin ga hukumar kula da matalauta, hukumar da talaka ke jin kunyar zuwa ƙofarta, kamar yadda Nadja Durbach ta bayyana a littafinta na 2005. Ɗaukar ruwa daga hannu zuwa hannu kuma yana iya ɗauko wata cuta: a Rivalta ta Italiya, a 1861, yara fiye da 40 suka kamu da tunjere ta wannan hanya. Dubban mutanen da suka yi zanga-zanga a Leicester a watan Maris na 1885 sun san waɗannan abubuwa. A 1898 aka ba iyaye damar ƙi bisa lamiri, aka kuma bar lambar hannu zuwa hannu.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba, kuma bai kamata a tsayar da shi ba. Birnin Gloucester, wanda ke kusa da Berkeley, ya yi sakaci da lamba shekaru da dama. A annobar 1895 zuwa 1896 mutum kusan 2000 suka kamu, fiye da 400 suka mutu, da yawansu yara. Iyayen suna da dalili, kuma ƴaƴansu sun mutu. Yaron da aka ba waɗannan maganganu biyu tare ya fi wanda aka ba zanen Gillray kaɗai shirin fuskantar jita-jita, domin ranar da wani ya gaya masa cewa an taɓa cutar da yara da lamba, ba zai ji cewa malamansa sun ɓoye masa ba.

5.2. Wasan yaɗuwar cuta, inda ake raba wa yara katuna, wasu masu kariya wasu babu, a ga yadda ciwo ke tsallakawa ko ya tsaya, shi ne a ganinmu mafi kyawun ayyukan huɗu. Shi kaɗai ne ya tsayar da yaro a gurbinsa na gaskiya: jiki ɗaya cikin jama'a, wanda kariyarsa ke kare na kusa da shi. Da shi ake gane dalilin da ya sa ƙyanda ke bukatar a yi wa kusan kashi 95 cikin 100 lamba. Gibinsa shi ne kati ba shi da dalili. Ba a faɗi ko marar kariyar jariri ne, ko mai nisa da asibiti, ko wanda ubansa ya hana.

5.3. A nan ne ake ganin tsaka mai wuyar da gidajen tarihi suke ciki. A 2021 gidan tarihin kimiya na Landan ya zama wurin yin allurar Korona, ya kuma adana kwalbar da aka yi allurar farko da ita a watan Disamba na 2020. Gida guda yana adana tarihi yana kuma yin kamfe. Ba mu ga laifin haka ba, muddin kamfen bai zama shi ke zaɓar abin da tarihi zai faɗa ba.

6. Abin da ya shafe mu

Kalmar Faransanci vaccin daga sunan saniya a Latinanci ta fito, kuma Pasteur ne ya nemi a 1881 a faɗaɗa ta ga dukan irin wannan magani domin girmama Jenner. Kalmominmu wani wuri suke nuni. Rigakafi kafin gari ne tun maƙiyi bai iso ba. Lamba kuwa tabon da ke jikin wanda aka yi wa ne. Ke nan harshen Hausa ya riga ya tsayar da labarin inda muke neman a tsayar da shi, wato a kan jama'a da jikin mutum.

Idan wata rana gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama a Yamai, ko na Damagaram, ya so shirya wa ƴan lakwal irin wannan aiki, abu mafi sauƙi shi ne a fassaro na waje, a sa Pasteur a gurbin Jenner. Asara ce, domin kayan suna gida. Nijar tana cikin ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da suka fara yaƙi da agana da ƙyanda a 1967, da na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa. A Nijar aka yi bukin cikar lamba ta miliyan 100 a ƙarshen 1969. Kuma a watan Mayu na 1970 aka ga masu agana na ƙarshe a yankin, a Nijeriya. Waɗanda suka shiga layi a lokacin kakanni ne yau, da tabonsu a damtse. Jikokinsu kuma suna da tabon BCG, abin da yawancin yaran Ingila ba su da shi tun da aka daina yi a makarantunsu a 2005. Ɗan lakwal na Tasawa ko Madawa yana shiga gidan tarihi da kayan tarihi a hannunsa.

Muna da namu Phipps: Asibi, mutumin ƙasar Gana da aka ɗebi jininsa a 1927, wanda daga ƙwayar jikinsa aka samo maganin zazzaɓin shawara da ake aiki da shi har yau. Muna da namu Rivalta: lambar shawara ta Institut Pasteur na Dakar, wadda aka tilasta a ƙasashen AOF daga 1941, ta kusan kawar da cutar, amma tana jawo wa wasu ƙananan yara kumburin ƙwaƙwalwa, har aka daina yin ta a 1982. Muna da namu Leicester da Gloucester a haɗe: dakatar da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, inda masu ƙi suka riƙa tuna gwajin maganin da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996, da kuma komawar cutar ƙasashe kusan 20 a sanadin haka.

Aikin da muke ba da shawara bai bukatar kuɗi mai yawa. Kafin ziyara, kowane ɗalibi ya tambayi wani tsoho a gidansu: wa ya zo, ina aka yi layi, wa ya gudu, don me. A rubuta da Hausa, a kawo. Sai dai a kiyaye: mai zanzana a fuska mutum ne da ya sha wuya, a roƙe shi labari idan ya yarda, kada a tsayar da shi yara su kalla.

7. Kammalawa

Mun ga cewa wasan kwaikwayo ya hana yaro magana, labarin saniya ya rufe ainihin aikin Jenner, igiyar shekaru ta yanke Afirka a farko da ƙarshe, zanen ba'a kuma ya mayar da masu ƙi abin dariya. Tushen duka ɗaya ne: an tsara darasin daga kujerar likita. Gyaran ba ya bukatar a rage wa Jenner daraja ko a sa wa yara shakkar lamba, wadda amfaninta ya wuce gardama. Yana bukatar a juya tambayar ta zama: da kai ne Phipps, me za ka so a gaya maka, kuma wa za ka yarda da shi? Ita ce tambayar da kowane uba da kowace uwa ke amsawa a ranar lamba. Muna kira ga ɗalibai masu neman batun bincike a sassan tarihi da harsuna da su fara tattara bakin tsofaffin da suka ga agana da idonsu, domin mafi ƙanƙantarsu sun doshi shekara 60.